Tashen da Ya Maido Mana da Iri

Bana azumi ya sake faɗowa a tsakiyar bazara. Karo na uku ke nan ina ganin haka da idona, kuma ba na jin zan ga na huɗu. Likita ya ce in daina azumin, wai shekaru sun ja. Na ce masa ya bari ya kai nawa tukuna, sannan mu yi maganar. Ina kwance kan tabarma ƙarƙashin fankar da rabin yini ba ta juyawa, ina jin jikokina na kukan zafi, alhali ga ƙanƙara a leda tana jiransu. Kowa zafin zamaninsa ya sani.

Shekaranjiya azumi ya cika goma, suka shigo mini tashe bayan shan ruwa. Wani ya manna gemun auduga, wani ya cusa tsumma a riga ya yi tumbi, ƙaramarsu na biye da waya tana ɗauka. Da suka gama tsalle-tsallensu, babban, wanda nake kira angona, ya ce, "Kaka, ke fa ba kya dariya. Ko giɓin ne kike ɓoyewa?"

"Tafi can, mijin da ko sabulu ba ya saya mini. Wasan naku ne ba daɗi."

Ƙarya na yi, wasansu da daɗi. Na ba su dabino da alewa. Uwarsu ta ɗebo gero a kwano za ta zuba musu kamar yadda aka saba, na ce ta mayar. A gidan nan ba a ba 'yan tashe gero muddin ina numfashi. Sun ɗauka rowar tsufa ce, ni kuwa ban taɓa zama na gyara musu zancen ba sai yau.

Lokacin Nasara ne ke mulki, ni kuma ina da shekara biyu a ɗakin miji. Ƙauyenmu Kwarin Ɗinya, cikin duwatsu, in ka bar Roni ka nufi Gwiwa. Mu uku ne a gida: ni Dije, da maigidana, da mahaifiyarsa da muke kira Iya. Yana raye ban taɓa kama sunansa ba, amma yanzu tsufa ya ba ni izini: Ilu. Manomi ne kamar kowa, sai dai Allah ya ba shi wata baiwa da ba ta cika rumbu. In mutum ya wuce gabansa sau ɗaya, to ya ɗauke tafiyarsa. Yakan shigo gida da tafiyar liman, ya fita da ta mai kitso, ni ina daka ina dariya har taɓarya ta kuɓuce. Iya takan ce, "Wannan ɗa, da noma kake kalla yadda kake kallon ƙafafun mutane, da mun huta."

Daminar da ta gabata ruwa ya ɗauke gero na fidda kai. Abin da muka girbe bai kai mu ko rabin rani ba. Kafin a ga watan azumi, rumbunmu in ka yi magana a ciki sai ya amsa maka. Abu ɗaya ya rage, iri. Geron Iya ne, mai gashi a zangarniya, wanda tsuntsu ba ya iya sauka a kai, kuma tun daga gidan ubanta ta zo da shi. Ta sussuka shi da hannunta, ta cuɗa da toka da busasshen barkono saboda ƙwari, ta zuba a tulu, ta ajiye a ƙaramin rumbu bayan ɗakinta. Ƙwaryata aka kife a bakin tulun. Ƙwaryar nan mahaifiyata ce ta ba ni ranar da aka kawo ni, kuma ba ta ƙara shekara ba ta rasu. Da ta tsage ban kai wa gyartai ba, na ɗinke ta da kaina, ɗinkin ya fito a karkace kamar sawun kaza. Duk matan da muke haɗuwa a rijiya sun san ta, har in abu ya karkace sai su ce ya yi ɗinkin Dije.

Iya ta kafa mana doka a kan tulun nan. "Ko gawata za ku ɗauka saboda yunwa, kada wanda ya taɓa shi. Wanda ya ci iri ya ci baɗi."

Ga yadda kwanakin suke. Da sahur mu sha kunun dusa, wanda in ka leƙa kana ganin gindin ƙoƙon. Ana sallame asuba mu ɗauki tuluna mu nufi rijiya ɗaya da ta rage, a kwari, inda maza ke yasa kullum tana ba da ruwa ja kamar an dama ƙasa. Kafin hantsi mu shiga dawa neman yaɗiya da aduwa da goriba. Akwai ranakun da muka tona gidan tururuwa muka kwashe 'yan ƙwayoyin da suka tara, muna yi muna ba su haƙuri. In rana ta take, sai kowa ya nemi inuwa ya kwanta kamar gawa. Duwatsun nan namu sukan sha rana tun safe, su riƙa huro ta har bayan la'asar, iska ta zo maka kamar daga bakin murhu. Leɓe ya tsage, harshe ya yi kauri, awaki su tsaya baki buɗe. Iya takan jiƙa zani ta lulluɓa, kafin ta gama tasbihi ya bushe. Da magariba mu sha ruwan tsamiya, mu ci kwaɗon ganye ba ƙuli, mu ce alhamdu lillahi. Kullum da yamma kowa idonsa na gabas, ko hadari zai taso.

Duk da haka ba mu yanke ƙauna ba, don tulun yana nan. Ni nakan zagaya bayan ɗakin Iya ba dalili, in dafa rumbun, in dawo.

Ranar huɗu ga azumi, na zagaya da sassafe na tarar an ɗage jinkar rumbun an jingine ta a hankali, kamar wanda zai dawo ya mayar. Ba tulu, ba ƙwarya. Na ruga na kira su. Iya ta zo ta leƙa, ta zauna a ƙasa daɓas, ta ɗora hannu a ka. Ilu kuwa ya tsuguna yana duba ƙasa kamar mai neman allura.

"Dije, zo ki ga. Sawu biyu, duk sun shigo, ba wanda ya fita."

"To, aljani ne?"

"Aljanin da ya iya dabara. Wannan ya shigo da gaba, wannan kuwa da baya aka taka shi, dubi yadda yatsu suka nutse. Kuma ƙafar hagu ja take yi."

Da ya ce ƙafar hagu, Iya ta ɗago kai ta ce, "Rufe bakinka." Don a ƙasar nan kaf mutum ɗaya ne ke jan ƙafar hagu haka.

Sunansa Na-Dutse, saboda gidansa na gindin dutse. A fili dillalin dabbobi ne, mai fara'a, mai sahun gaba a masallaci, ba ya wuce yaro bai shafa kansa ba. A ɓoye kuwa, wanda kowa ya sani, shi ne uban ɓarayin yankin. Har sarauta gare su: akwai galadimansu, akwai madakinsu, akwai mai duba musu ranar fita. Hatsin da suka kwasa a jaki ake bi da shi ta arewa a tsallaka ƙasar Faransa, inda yunwar ta fi tamu. Kuma ana cewa in abu ya yi masa daɗi yakan fita da kansa, don kada hannu ya manta. Kowane kaya kuwa sai an fitar wa mai garinmu nasa kason.

Amma ina za ka kai kuka in ba wurin mai gari ba? Ilu ya je ya faɗi ya yi gaisuwa, ya ce an ɗauke mana iri, tulu guda, har da ƙwaryar matarsa mai karkataccen ɗinki. Mai gari ya yi salati, ya ce Allah ya tona asirin azzalumai, za a bincika. Gida bakwai aka shiga a watan nan, kowa an ce masa za a bincika. Ana cikin haka Baturen rangadi ya zo, ya zauna ƙarƙashin tsamiya da jar fuskarsa, tafinta ya tambaye mu ko gari lafiya. Muka haɗa baki muka ce, "Lafiya lau, zaki!" Na-Dutse ne ya kawo masa ƙwai da kaza, har ya samu musafaha.

Daga ranar Ilu ya daina wasa. Yakan zauna bakin zaure yana kallon gabas, kuma na san abin da yake lissafawa: in ruwa ya sauka, wanda ba shi da iri sai dai ya tsaya ya kalli gonarsa tana fidda ciyawa. Ba mai ba ka, kowa nasa bai ishe shi ba. Ran nan muna shan ruwa sai ya ajiye ƙoƙo ya ce, "Zan yi tashe bana."

Iya ta ce, "Da me? Da cikin da ba komai?"

"Iya, mai jan ƙafar nan ba ya tsoron Allah, ba ya tsoron mai gari. Amma ban taɓa ganin wanda ba ya tsoron a yi masa dariya ba."

Ya kamata in yi wa 'yan yanzu bayani. A ƙauyenmu tashe ba na yara kaɗai ba ne. Magidanta ma suna yi, kuma akwai al'ada mai ƙarfi a kai: abin da aka yi a tashe ya mutu a wurin. Ba a fushi, ba a ƙara, ba a ramuwa. Wanda ya yi fushi da ɗan tashe ya tona wa kansa asiri. Kuma abin yana aiki. An taɓa yi wa wani da ya matsar da iyakar gonar marayu tashe, kafin sallah da kansa ya mayar da ita. Wannan Ilu ya dogara da shi, mu ma duk da shi muka dogara. Ni har zuga shi na yi, ba zan ɓoye ba. Na ce, "Ka yi masa yadda ko jikokinsa za su ji labari."

Ranar sha biyu ga azumi, ana idar da sallar magariba aka taru a ƙofar gidan mai gari, don a nan ake fara tashen manya. Mai gari na kan buzunsa, Na-Dutse na gefensa, an kunna fitilun aci-bal-bal biyu. Mu mata muna baya, jikin danga. Ƙasa har lokacin tana ƙona tafin ƙafa.

Tanko maƙeri, abokin Ilu, ya fara fitowa. Ya naɗa gwado a ka ya yi rawani ƙato har ya rufe masa ido, ya zauna yana laluben hanya. Wani ya shafe fuska da toka, ya kifa ƙoƙo a ka, ya zama Bature. Sai ga Ilu daga bayan bishiya, da baya yake tahowa, a sanɗa, tulu a kafaɗa. Bai ambaci sunan kowa ba. Ƙafar hagu kawai ya ja, ya ɗan karkata kafaɗa, ya shafa kan wani yaro da ke gaba. Sai wata tsohuwa ta kasa riƙewa ta fashe da dariya, shi ke nan aka ɓarke. Yana tafiya yana waƙa:

"Na shigo da gaba, na fita da baya,
Wa ya gan ni a garin nan?"

Tanko da sauran suna amsawa, "Mun rufe ido, mun rufe ido!"

Ya ajiye tulu ya kasa ƙasa kashi uku. "Wannan nawa. Wannan na mai rawani. Wannan na wanda za a aiko bin sawu." Mai rawani ya lalubo nasa ya tura cikin riga yana cewa, "Za a bincika, za a bincika." Bature ya miƙe da gurɓatacciyar Hausarsa, "Kowa lafiya? Kowa ya ƙoshi?" Ɓarawo ya riga kowa amsawa, "Lafiya lau, zaki!" Bature ya ba shi hannu, ya rubuta a littafinsa.

Ban taɓa jin dariya irin ta ranar ba. Mutanen da suka yini ba ko yawu a baki suna birgima a ƙasa, suna riƙe cikin da ba komai. Wata kusa da ni tana dariya hawaye na zuba, ita ma an kwashe mata iri. Mai gari ya yi murmushin da bai kai ido ba. Wanda ya fi kowa dariya kuwa Na-Dutse ne. Yana dukan cinya, yana share hawaye da bakin rawani, yana cewa, "A sake! Wallahi a sake!" Sai ya raɗa wa wani cikin mutanensa magana. Ba a jima ba mutumin ya dawo da ƙwarya rufe da faifai.

Na-Dutse ya miƙe da kansa, ya jawo ƙafarsa har gaban Ilu. "Ga sadakar tashe, malam Ilu. Rabona da dariya haka tun ina saurayi."

Ba a ƙin sadakar tashe. Ilu ya karɓa da hannu biyu. Hasken fitila ya faɗa a gefen ƙwaryar, na ga ɗinkina.

Muna shiga gida Ilu ya ɗaga faifai. Gero ne cike fal, da toka, da ɓarɓashin barkono. Ba duka tulun ba ne, amma zai shuke gonar bayan gida. Ya riƙa zagaya tsakar gida yana cewa, "Ban gaya muku ba? Ban gaya muku ba?" Ni ma na yi ta murna, har guɗa na so yi. Iya ta ɗebi geron ta shinshina ta ce namu ne. Sannan ta juya ƙwaryar a hannunta, ta daɗe tana kallo.

"A gaban mutane ya ba ka?"

"A gaban kowa, Iya."

"Wanda ya ji kunya ta kan danga yake jefo kaya ya gudu. Wannan bai ji kunya ba." Ta juye geron a tukunya, ta miƙo mini ƙwaryar. "'Yar nan, fasa ta ki sa a murhu. Yanzu."

Na ce to. Na kai ta bakin murhu, na ɗaga dutse, sai hannuna ya ƙi. Ita kaɗai ta rage mini daga uwata, kuma ga ta ta ɓace ta dawo. Na ce a raina wannan tsoron tsofaffi ne, ai abin tashe ya mutu a tashe. Na fasa wani tsohon ƙoƙo don Iya ta ji ƙara, na tura ƙwaryar ƙarƙashin gado.

Washegari da hantsi dogarai biyu suka yi sallama. Iya ta riga ta binne tukunyar a ɗakinta, ta shimfiɗa tabarma a kai ta kwanta tana nishin ciwon baya, ba wanda ya yi ƙarfin halin ta da tsohuwa mai azumi. Ɗakina suka shiga. Ba su ma daɗe ba.

Aka tara mu a zauren mai gari, rana tsaka, jama'a cike har waje. Ƙwaryar na ajiye a tsakiya. Ilu da ya gan ta, ya juyo ya dube ni sau ɗaya. Ba harara ba ce, da ma hararar ce da ta fi mini sauƙi. Mai gari ya kira ni da murya mai taushi.

"Dije, kina azumi?"

"Ina yi, ranka ya daɗe."

"Madalla. To, da bakin mai azumi, ƙwaryar nan ta wace ce?"

"Tawa ce."

"Ita ce mijinki ya zo nan ya ce ɓarayi sun ɗauke tare da tulu?"

"Ita ce."

"A ina aka same ta yau?"

"A ɗakina. Amma ranka ya daɗe, jiya a nan ƙofar..."

"Abin da aka tambaye ki shi za ki amsa."

Ilu ya ce, "Ranka ya daɗe, kowa a nan ya ga wanda ya ba ni ita. Kai ma kana zaune."

Mai gari ya gyara rawani. "Haba Ilu, kai da ka fi kowa sanin al'ada. Abin da aka yi a tashe ai ya mutu a wurin, ba a kawo shi gaban shari'a. Ko akwai wanda zai ce ya ga wani abu?"

Na dubi mutanen da suka yi birgima jiya. Kowa ya sami abin kallo a ƙasa. Tanko maƙeri ya buɗe baki, ya dubi Na-Dutse da ke jan carbi a gefe, ya tuna yana da 'ya'ya biyar da rumbu mai jinka, ya mayar da bakinsa ya rufe. Na daɗe ina jin haushinsa, amma yanzu na daina. Ni da na yi magana ma, me tawa maganar ta gyara?

Mai gari ya ci gaba. "Mutum ya ce an yi masa sata, ga kayan a ɗakin matarsa. Kuma duk gidajen da aka shiga, da baya ɓarawon ya fita. Ni ban san haka ake yi ba, liman bai sani ba. Ilu ya sani, har ya nuna mana yadda ake taka ƙafar. Wannan ba wasa ba ne, sani ne."

Wato kyautar ta mutu a tashe, amma tafiyar ba ta mutu ba. Kowa ya ga karkatar zancen, ta fi ɗinkina karkata. Satar gida bakwai aka ɗora masa. Bayan azahar suka ɗaura masa igiya a ƙugu suka nufi birni da shi a ƙasa, da azuminsa a baki. Na bi su har bakin kwari, dogari ya ce in koma. Ilu ya waiwayo ya ce, "Kada ku ci shi, Dije. Ko me za a yi, kada ku ci." Daga baya labari ya zo cewa shekara uku aka yanke masa.

Iya ba ta taɓa yi mini maganar ƙwaryar ba, ko sau ɗaya. Da ta zage ni da na samu sauƙi. Sauran azumin muka ƙarasa mu biyu, tana kwance kan tukunyar, ina fita neman ganye. Akwai ranar da jiri ya kayar da ni a hanyar rijiya, na dawo na tsaya a kanta ina kallon tabarmar. Ta gane. Ta ce, "Ɗana ne a ƙarƙashin nan, 'yar nan. Za ki dafa shi?" Na fita na zauna a rana na yi kuka ba hawaye, don ko ruwan hawayen babu.

Kwana goma sha biyar bayan sallah, da la'asar, gabas ta yi baƙi. Iska ta taso da sanyi, ta kwashe jinkar wani, sannan ruwa ya sauko kamar da bakin tulu. Ƙamshin ƙasa ya cika gari, yara suka fita tsirara suna ihu, duwatsu suna ta hayaƙi. Na tsaya a tsakar gida ya dake ni har na fara rawar sanyi. Washegari muka tono tukunyar. Aikin sungumi na namiji ne, amma ni na riƙa sara, Iya na biye tana jefa ƙwaya tana rufewa da diddige. Ƙirga su take yi a yatsu, ba ta yarda ko ɗaya ta faɗi a banza. Da lokacin noma ya yi, ban kira gayya ba, amma wata safiya na tarar da maza goma sha a gonar, Tanko a gaba. Suka nome ta tas suka tafi, ba wanda ya haɗa ido da ni.

Geron nan ya yi kyau, kyan da har ya ba ni haushi. Zangarniya kamar damtsen mutum, tsuntsaye su zo su yi shawagi su koma. Ranar da muka gasa tumun farko, Iya ta murza ta ba ni, na tauna na tauna ya ƙi wucewa. Gidajen da aka yi wa sata duk daga wurinmu suka samu iri a shekara ta gaba. Sata kuwa ba ta tsaya ba, sai dai an daina kai ƙara, kuma manya ba su sake yin tashe a Kwarin Ɗinya ba. Na-Dutse ya tsufa cikin mutunci, ranar jana'izarsa sahu har bakin hanya. Iya ce ba ta jira ba, a damina ta biyu ta tafi.

A kaka ta uku, muna girbi ni da matan maƙwabta, sai wata ta ɗago ta kare ido da hannu. Wani mutum ne ke tahowa ta gefen gona, siriri, yana jan ƙafar hagu, kafaɗa a karkace. Na ɗauka Na-Dutse ne. Sai matar ta buga cinya ta ce, "La ilaha! Ilu ne! Ku duba ɗan banzan nan, ya dawo kuma bai daina ba!"

Aka fashe da dariya. Yara suka ruga suna yi masa waƙar nan tasa. Ni ma na yi, na yi dariya har na saki abin da ke hannuna, na ce a raina, ashe ba su iya karya shi ba. Ina jira ya saki ƙafar, ya miƙe, ya yi mana tafiyar liman.

Bai saki ba. Da ya matso na ga idon sawunsa, tabo ya zagaye shi fari fat, ƙashin ya kumbura ya goce. Marin ƙarfen gidan yari ne ya ci wurin, ya ruɓe, ya warke a haka. Dariyar ta riƙa mutuwa ɗaya bayan ɗaya. Ya tsaya gabana yana haki, bai dube ni ba tukuna, zangarniya ya kama ya shafa gashinta.

"Namu ne?"

"Namu ne."

"To, ai ya dawo," in ji shi. Sannan ya tambayi Iya.

Shekara talatin da wani abu muka ƙara tare, muka haifi 'ya'ya shida, bai sake kwaikwayon kowa ba, kuma da irin tafiyar Na-Dutse ya riƙa zuwa masallaci har ya koma ga Allah. Bai taɓa tambayata dalilin da ban fasa ƙwaryar ba. Geron da uwar yaran nan ta ɗebo shekaranjiya, jikan wancan ne, har yau shi muke shukawa.

Daga bakin gona zuwa inda nake tsaye a ranar, taku arba'in ne ko kusa da haka. Ashirin na farko da dariya na tarbe shi.